Amsa ga ƙanena na Birnin Kebbi kan feret ɗin da Baba ya hana

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na karanta shi a tsanake. Ka ce kana shekarar ƙarshe a jami'a, kana neman gurbin digiri na biyu a Ingila baɗi in Allah ya yarda. Ka daɗe kana kallon bidiyon wata 'yar dabba da Turawa ke kiwo a gida, feret, har ta kwanta maka a rai, ka kuma samu wani a intanet da ya ce zai aiko maka da ita daga Legas. Shirinka ka rene ta a gida shekara guda, ranar tafiya ka taho da abarka. Baba ya ce ba za a shigo masa da bodari gida ba, Inna ta yi shiru, kai kuma kana so in ba ka hujjojin da za ka shawo kansa da su, tunda ina zaune a ƙasar da ake kiwonta.

Ba zan ba ka waɗannan hujjoji ba, domin a wannan magana Baba ne da gaskiya. Amma son da kake yi wa dabba abu ne mai kyau, ba na so ya mutu, kuma akwai hanyar da za ka bi ka samu yardar Baba ba tare da ka rasa abin da ya fi feret girma ba. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Da Baba ya kira ta bodari bai yi nisa ba, danginsu ɗaya, su da dage. Asalinta dabbar dajin Turai ce da aka mayar ta gida fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma farautar zomo ce ta sa aka mayar da ita. Siririya ce doguwa, gajerun ƙafafu, tsawonta har wutsiya wajen rabin mita. Namiji bai cika wuce kilo 2 ba, mace da ƙyar take kai kilo 1. Tana barcin awa 14 zuwa 18 a rana, sauran lokacin kuma ba ta zama wuri ɗaya.

Ina zaune a Shefil, a arewacin Ingila, kuma maƙwabcina wani dattijo ne Bature da ya tashi da wannan kiwo tun yana yaro. Yana ajiye su a akurkin katako mai hawa biyu a bayan gidansa. Da sanyi ya shigo manoma kan kira shi idan zomaye sun dame su da ɓarna. Na taɓa bin shi wata safiya. Ya zagaya ya rufe bakin kowane rami da 'yar raga mai zarge, ya kafa turke, ya ɗaura wa macen wata na'ura a wuya mai nuna masa inda take a ƙarƙashin ƙasa, sannan ya sake ta. Ta shinshina bakin ramin ta shige. Muka tsaya ba mai magana. Can sai na ji ƙasa na amsawa a tafin ƙafata, dim-dim, zomaye ne ke gudu a ciki, kafin in ankara ɗaya ya faɗo cikin raga ta zarge shi. Da ta fito, gashin wutsiyarta a miƙe, ya ɗauke ta da hannu ɗaya ya sa a aljihun rigarsa, ta leƙo da kai tana kallona. Dabba ce mai wayo, mai son wasa, ta kuma san mai ita. Idan ta ji daɗi sai ta gantsare baya, ta buɗe baki, ta riƙa tsalle gefe da gefe har ta yi karo da kujera. Duk wanda ya ga wannan da idonsa zai so ta. Saboda haka ban ga laifinka ba.

Abin da bidiyo ba ya nuna maka shi ne a wane irin ɗaki aka ɗauke shi.

Feret ba ta gumi yadda muke yi, ga gashi mai kauri. Da zarar zafi ya haura digiri 26 ta fara wahala. Ya kai 30, rayuwarta na cikin haɗari. In ka ga tana haki baki buɗe, ta kwanta ta baje, yawu na zuba, to abin ya riga ya yi nisa, minti kaɗan ne tsakaninta da suma. Ranar 19 ga Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a Ingila, karo na farko a tarihi da aka auna ya haura 40. Kwana biyu kacal aka yi ana wannan zafi, amma maƙwabcin nan nawa bai leƙa ko'ina ba. Ya kwashe su daga akurki ya shigar da su ɗakin ƙasa, ya daskarar da robobin ruwa a firji yana sawa cikin safa yana jera musu su kwanta a jiki, yana jiƙa musu tafin ƙafa da tsumma. Na shiga na same shi zaune a kan bokiti, fuskarsa ja wur, yana ƙirga numfashin tsohuwar cikinsu. Wannan mutum ne da ya shekara da shekaru yana kiwonsu, a ƙasarsu ta gado, ga wuta ba ta ɗaukewa.

To kai ka san abin da digiri 40 ke nufi a Birnin Kebbi. Daga Maris zuwa Mayu abin yau da gobe ne, ba wanda ke ba da labarinsa. Ka san yadda ɗakin kwano ke zama da azahar, ka san daren da mutane ke fito da tabarmi tsakar gida saboda bango na fitar da zafin da ya sha da rana. Fanka ba za ta cece ta ba, don fanka gumi take busarwa ta sanyaya mutum, ita kuwa ba ta da gumin. Sai dai na'urar sanyaya ɗaki, dare da rana, wata da watanni, ba ɗaukewa. Ka tambayi kanka awa nawa kuke samun wuta a unguwarku, nawa ne litar fetur, wa zai tayar da janareto idan kana aji. Rana guda aka ɗauke wuta da hantsi kana makaranta, kafin la'asar an gama. Kamar ka ciro giwan ruwa daga kogin Matan Fada ne ka ce za ka rene ta a kan rairayi. Kuma tun kafin ta iso hannunka akwai tafiyar Legas zuwa Kebbi a mota, yini guda har da dare, cikin kwali ko keji a bayan kaya. Ina tsoron gawa za ka sauke a tasha.

Shi kansa mai sayarwar ka yi hattara da shi. Duk wanda ya ce sai ka tura kuɗi kafin ka ga dabba da idonka, ka bar shi. Shigo da dabba mai rai Najeriya yana buƙatar izini da binciken hukumar killace dabbobi da tsirrai, kuma wanda ya bi wannan hanya zai nuna maka takarda. Wanda bai san feret ba ana iya miƙa masa ɗan tunku ko ɗan bodarin da aka kamo a daji, ya karɓa yana murna.

Sai abinci. Nama zalla take ci. Hanjinta gajere ne, abin da ta ci cikin awa 3 zuwa 4 ya fita, don haka kaɗan-kaɗan take ci sau da yawa. Tuwo, shinkafa, kunu, madara, dabino, duk abin da yaran gida za su miƙa mata da kyakkyawar niyya cutar da ita zai yi. A nan ana sayar da busasshen abincinta a buhu, ana kuma sayar da 'yan tsaki daskararru. A gida sai dai ka riƙa zuwa wurin mahauci kullum. Ka dubi yadda Inna ke lissafin naman miya, sannan ka dubi yadda zai yi wa Baba a ce ana yanka wa dabba tsoka a gidansa alhali akwai maƙwabcin da ya kwana biyu bai ɗora tukunya ba. Ko bai faɗa maka wannan ba, yana cikin abin da ya hango.

Ciwonta ma ba irin na akuya ba ne. Akwai cutar karnuka da ake kira distemfa, wadda idan ta kama feret kusan ba ta tashi, kuma ba sai kare ya shigo gida ba, a tafin takalmi ma ana kwaso ta. Tana iya ɗaukar ciwon haukan kare. Tana ɗaukar murar ɗan'adam, ta kuma mayar masa. Da feret aka yi amfani a Landan a 1933 lokacin da aka fara gano ƙwayar cutar mura mai tsanani ta mutane, har yau da ita masu bincike ke gwaji. Macen kuma tana da wata halitta mai ban tausayi: idan lokacin neman namiji ya zo mata ba ta samu ba, ba ta fita daga wannan hali, sinadarin jikinta ya yi ta hawa har ɓargonta ya daina yin jini, ta rame ta mutu. A nan allura ake yi mata ko a dasa mata magani a ƙarƙashin fata. Ga haɗiye roba, silifas ne, soso ne, abin goge fensir ne, ya toshe hanji sai an yi tiyata. Likitocin dabbobinmu ƙwararru ne, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma yana nan Sakkwato, amma aikinsu na kullum shanu ne da tumaki da raƙuma da dawaki da kaji, kuma magani ana ajiye shi ne saboda dabbar da ake kawowa.

Yanzu dubi gidanku. Ka ce Inna na da kaji da zabi, ƙaninka na da tattabaru, matar yayanka na goyo. Duk ramin da kan feret ya shiga, jikinta zai bi, ko kwata ce ko ƙarƙashin ƙofa. Dare guda ta kuɓuce ta faɗa akurki, abin da za a tarar da safe ba zai yi daɗin gani ba, kuma in na maƙwabta ne Baba za a yi wa sallama, ba kai ba. A shekarun 1880 Turawa suka kai ta Niyuzilan don ta rage musu zomaye, sai ta juya kan tsuntsayen ƙasar masu sheƙa a ƙasa, har da kiwi. Tun 2002 an hana sayar da ita a can. Jariri kuwa ba a barinsa da ita ko na ƙiftawar ido, an sha samun inda ta ciji jarirai a fuska da yatsu. Sannan wari. Daga fatarta yake fitowa, wanka ba ya raba ta da shi, yawan wankan ma ƙara shi yake yi. Tana kashi da fitsari a kusurwar ɗaki, ko an koya mata wuri takan kuskure. A mazhabarmu ta Malikiyya jikin mai rai da yawunsa tsarkakakku ne, amma fitsari da kashin dabbar da ba a halatta cinta kai tsaye ba najasa ne. Gidan da ake shimfiɗa darduma a ko'ina, Inna ce za ta kwana da wannan damuwa. Ka tambayi malaminku ya ƙara maka bayani.

Kuma ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Ran dabbar da ka tsare amana ce a wuyanka. Feret kuwa ko sakinta ka yi a Kebbi ba za ta rayu ba, don haka duk nauyin yana kanka.

Batun tahowa da ita, bari in gaya maka yadda dokar take. Birtaniya na karɓar kare da kyanwa da feret a ƙarƙashin tsari ɗaya, amma Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da aka sassauta wa. Za a dasa mata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a yi mata allurar haukan kare, a jira aƙalla kwana 30, a ɗebi jininta a aika ɗakin gwajin da suka amince da shi, sannan a jira wata 3 daga ranar ɗibar jinin. Ba za ta zauna kusa da kai a jirgi ba, a matsayin kaya za ta zo, ta kamfani da hanyar da aka yarda da su. Takarda ɗaya ta samu kuskure, za a iya killace ta har wata 4, kai za ka biya. Duk wannan a daidai lokacin da kake fafutukar biza da gwajin tarin fuka da kuɗin makaranta. Abin da ya fi kusa da faruwa shi ne ka tafi ka bar ta, Inna ta gaji wahalar da ba ta nema ba. Shirun nan da ta yi, ina jin shi ke nan.

A ce ma ta iso. Ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa yarda da dabba. Gidan haya da ɗalibi ke iya biya ɗaki guda ne a gidan da mutum huɗu ko biyar ke raba kicin, kuma sai mai gida da abokan zama sun yarda. Tana tone kafet, tana cin robar ƙofa, daga kuɗin ajiyar da ka bayar, wanda kan kai hayar mako 5, za a cire. Bizar ɗalibi awa 20 a mako ta yarje maka aiki lokacin karatu. Kafin a ba ka ita sai ka nuna fiye da fam 1,000 na kowane wata don zama a wajen Landan, ka kuma biya fam 776 a shekara na lafiya, wanda naka ne kai kaɗai. Likitan dabba da aljihunka za ka gan shi, tiyata ɗaya na iya cinye hayar wata. Tana son abokiyar zama, shi ya sa bibbiyu ake kiwonsu, tana kuma son awanni a waje da keji kullum. Digiri na biyu shekara guda ne, bizar bayan karatu ba ta wuce shekara 2, feret kuwa na kai shekara 6 zuwa 10. Ba ka san inda aiki zai jefa ka ba. A Amurka, Kalifoniya da Hawai sun hana ta, birnin Niyok ma tun 1999. A Ostireliya jihar Kwinslan ta hana. In kuma gida ka koma, mun dawo kan maganar zafi.

To yanzu maganar Baba, wadda ita ce ta fi damuna.

Ƙanena, mutumin nan yana shirin sakin ɗansa zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. Ka ce daga kuɗin shinkafar da ya noma a fadama da filin da zai sayar za a haɗa maka kuɗin makaranta. Duk abin da kake yi a wannan shekara yana kallo, yana aunawa: yaron nan in ya ga abu ya so, yana iya haƙura? In aka ce masa a'a, yana ji, ko zagayewa yake yi? In kuɗi ya shiga hannunsa ba mai ganinsa, ina zai kai su? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Na san samari a nan da iyayensu suka riƙe fasfo a ƙarshe, ba don rashin kuɗi ba, don hankalinsu bai kwanta da yaron ba. Duk ranar da ka sake tayar masa da maganar feret, ko ka tura masa bidiyo a WhatsApp, ko ka ɗaure fuska a wurin cin abinci, daga asusun yardarsa kake cira, kuma wannan asusu da shi za ka yi tafiya.

Ka ce abokanka sun ba ka shawara ka saye ta kawai ka kawo, in ya gan ta zai haƙura. Kada ka kuskura. Wannan shawara ce ta gidan da ba irin namu ba. Uba a wurinmu in ya yi magana a gidansa aka take ta a gaban iyalinsa, ba dabbar zai gani ba, rainin zai gani, kuma zai daɗe bai manta ba. Kada kuma ka sa Inna a tsakiya ta riƙa roƙar maka abin da ita kanta ba ta so, ko ka kai ƙara wurin Baffa ko Kawu a kan wannan. Manyan nan ka adana su saboda ranar da za ka buƙace su a maganar tafiya ko ta aure.

Ga abin da nake so ka yi. Ka bari sai bayan isha'i, ya ci abinci ya huta, ba baƙo a zaure. Ka je ka zauna ƙasa ka gaishe shi, ka ce: “Baba, maganar dabbar nan da na kawo, na bincika, na ga ba za ta rayu a zafinmu ba, kuma za ta zama wahala ga Inna. Na janye. Ka yi mini afuwa in na matsa.” Shi ke nan, kada ka ɗora komai a kai a wannan dare. Ka tashi ka tafi. Na san iyayenmu, ba lallai ya ce maka komai ba sai “Allah ya yi albarka”, amma maganar za ta zauna masa. Ya ga ɗansa ya so abu, ya bincika da kansa, ya gano gaskiya, ya dawo ya faɗa ba tare da an tilasta shi ba. Irin yaron da ake iya turawa nesa ke nan.

Bayan mako biyu ko uku, in har son kiwon na nan, ka kawo masa abin da zai iya cewa to. Kiwon dabba don sha'awa ba baƙon abu ba ne a addininmu. Ƙanin Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har yakan tambaye shi labarinsa. Kyanwa tana nan, mussa kamar yadda muke cewa, ta saba da zafinmu, tana kama ɓera a rumbu, kuma hadisi ya ce ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. In wasa da wayo kake so, 'yar kyanwar da ka rena da hannunka za ta ba ka mamaki. Akwai zomaye, in ka yi musu wuri mai inuwa da iska a ƙarƙashin darbejiya, ga harawa da dusa ba tsada, ranar da suka yi yawa kuma a sayar ko a ci. Ko ka shiga kiwon tattabarun ƙaninka ku faɗaɗa shi tare.

Kowanne ka zaɓa, kafin ka buɗe baki ka tanadi amsar tambayoyin da ka san zai yi. Ina za a ajiye ta, wa zai share, da kuɗin wa za a ciyar, wa zai kai ta allura, kuma wa zai riƙe ta bayan ka tafi. Wannan ta ƙarshe ita ce babba. Ka fara samun yardar ƙaninka, da bakinsa, a gaban Inna. Sannan ka nuna kafin ka roƙa. Tumakin gidan nan da ake fama da yara kan ba su ruwa, ka karɓi aikin ba tare da an sa ka ba. Ka share turke da safe, ka gyara akurkin Inna da ya karye, ka je ka kira malamin dabbobi ya yi wa kaji rigakafi kafin sanyi ya shigo da cutarsu. Wata guda kana haka, kai da kanka za ka ga yadda muryar Baba za ta sauya. In duk da haka ya ce a'a, ka karɓa. Gidansa ne, kai kuma saura maka 'yan watanni a ciki.

Akwai wani abu da na ji a cikin saƙonka wanda ba ka faɗa ƙarara ba. Ka ce kana so ka zo da abin da ka saba da shi don kada kaɗaici ya dame ka. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma gara da ka yi tunaninsa tun yanzu. A watan Disamba a nan kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, ka fito aji cikin duhu da ruwan sama, ka shiga ɗakin da ba mai ce maka sannu da zuwa. Mutumin da ya tashi a gidan da ba a rufe zaure, wannan shiru na taɓa shi ƙwarai. Amma maganinsa mutane ne. Masallaci na nan, ƙungiyar ɗalibai Musulmi na kowace jami'a, Hausawa kuma mun fi yadda kake zato yawa a Manchesta da Bamingam da nan Shefil, muna haɗuwa a suna da buɗe-baki da sallah. Ka riƙa kiran Inna, ko na minti biyar ne.

Feret kuma ba za ta gagare ka gani ba. Akwai gidajen da ke karɓar waɗanda aka yasar ko suka ɓata, kuma yawancinsu daga hannun mutanen da suka saya da ɗoki ne suka kasa riƙewa. Kullum suna neman masu taimako kyauta a ƙarshen mako. Ka je ka share keji, ka shaƙi warin da hancinka, ka ji cizon ɗan da bai gama horuwa ba a yatsanka, ka ga takardar kuɗin likita. In ka zo da wuri kafin sanyi ya yi nisa, zan roƙi maƙwabcina ya tafi da mu gona ka ga aikinta na asali. Idan bayan karatu Allah ya zaunar da kai wuri ɗaya, ga aiki, ga gidan da aka yarda, kuma har lokacin kana sonta, ka karɓi biyu daga irin waɗannan gidaje. A lokacin ba ka buƙatar izinin kowa, sai dai ka ɗauki hoto ka tura wa Baba.

Yanzu ka goge lambar mai sayarwar nan. Ka turo mini sunan kwas ɗin da kake nema da jami'o'in da ka zaɓa, da ranar da za ka zauna jarrabawar Turanci, in duba maka waɗanda ke rage wa ɗaliban Najeriya kuɗi da lokacin da suke rufe karɓar takardu. Ka gaishe mini da Baba da Inna, in ka yi maganar da shi kuma ka sanar da ni yadda kuka yi.